Gurmin Babana a Hannun Awudu

Na san abin da kuke faɗa a bayan idona. Kuna cewa da zarar an sa waƙar Awudu a mota sai kan Baba ya fara ciwo. Jikokina kuma har rigar da aka buga fuskarsa a ƙirji suke shigo mini da ita falo, su zauna a kujerata, Awudu yana kallona da baƙin tabarau ina cin tuwona. Ke Zainab ma na ji ki kina gaya wa mijinki wai hassada ce ke cin Baba. Ban ce ki janye ba. Amma ko a gaban alƙali ana barin mutum ya faɗi tasa, don haka ku ji yadda aka yi a shekarar nan, daga bakin wanda aka yi a ɗakinsa.

Gidanmu a Fagge gidan makaɗa ne. Babana gurmi yake kaɗa wa 'yan kokawa, kuma ni kafin in iya ɗaura mazagi na iya ɗaura tsarkiya. Da zai rasu ni ya bar wa gurminsa, ƙwaryar ta yi baƙi don tsufa, fatar damo ce a kanta, wuyan har ya lotsa a inda yatsunsa suke zama. Da shi na zo London. Sai dai da na iso na tarar Hausawan da ke nan likitoci ne na babban asibitin Camberwell, da masu karatun digiri, da ma'aikatan gwamnati da aka turo kwas. A cikinsu ni Malam Habibu ne direban bas, mai zuwa masallaci da wuri, kuma hakan ya ishe ni. Ban so wata rana a nuna ku a taron suna a ce ga 'ya'yan maroƙi. Sai na naɗe gurmin a tsohon zanen mamanku na ɗora a kan wadirob. Ranar Lahadi kawai nake sauko da shi, in rufe ƙofa da taga, in kaɗa wa kaina.

Awudu a bas ɗina na tsince shi, cikin wani sanyi mai shiga ƙashi. Na lura da wani mutum da ke shiga tun daga farkon layi, ya zauna a can baya kusa da inji inda ake jin ɗumi, mu je ƙarshen layi bai sauka ba, mu juyo bai sauka ba. Rannan na je in ce masa an iso, sai na ji yana gunguni da Hausa, yana zagin takalminsa da ya sha ruwa. Na yi masa sallama, ya zabura kamar an kama shi da sata. Mutumin Nima ne, a Ankara ta Gana. Ya yi aikin shara a wani ofis, aikin ya ƙare, ɗakin haya ya bi bayan aikin. Dukiyarsa duka jaka ɗaya ce da wani abu da ya haɗa da galan ɗin man gyaɗa da sandar mofa ta goge ƙasa da wayar birkin keke. Da shi yake zama a bakin tashar jirgi a Rye Lane yana kaɗawa. Na je na saurare shi don kada in zalunce shi. Muryarsa kamar ƙofar da ta shekara ba ta ga mai ba, kiɗan kuma masu wucewa suna jefa masa kwabbai ne cikin sauri, irin na wanda yake so a yi shiru.

Tausayi ya sa na kai shi gida ya ci abinci mai zafi. A lokacin muna flat ɗin council, gidan hayar hukuma, a Peckham, hawa na uku. Cin abinci ɗaya ya zama kwana a falo, kwana ya zama sati, har sanyi ya wuce Awudu na nan a kan doguwar kujera. Mamanku ta yi haƙuri da munsharinsa da safarsa, amma abu biyu sun gagare ta. Na farko Hausarsu ta zango ba ta raba mace da namiji, ga shi kullum yana ce mata kai.

"Hajiya, kai ka iya miya wallahi."

"Ni ce kai? Malam, ka gaya wa baƙonka ni mace ce, 'ya'yana uku."

"Yaya Habibu, me na yi? Hajiya ya yi fushi kuma?"

Na biyu, ba ya iya jin ƙamshi ya zauna. Tana juya baya zai lallaɓa ya buɗe tukunya. Saboda haka kalmar da aka fi ji a gidanmu a watannin nan, har maƙwabta sun haddace ta, ita ce ta mamanku da ludayi a hannu:

"Fita min daga kicin!"

Wata Lahadi Awudu ya ji ni ina kaɗawa ta bayan ƙofa. Ya shigo ba sallama ya durƙusa, ya ce don Allah in koya masa. Na koya masa, kuma ina so ku riƙe wannan da kyau. Ni na nuna masa yadda ake riƙe wuyan gurmi, ni na gyara masa zaman yatsu. Na ɗora shi a kan taken da babana yake yi idan ƙato ya shigo fili, take mai hawa uku, kowane hawa da amsarsa. Awudu ya kama hawan farko da rabin na biyu, daga nan kansa ya cika. Hannunsa na hagu nauyi gare shi kamar na mai daka, in ya danne tsarkiya sai ta yi kuka. Na sha gaya masa gurmi lallashi yake so, shi kuwa dukansa yake yi.

Ana nan sai wata rana da la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wani dogon Bature ne siriri, gashi har kafaɗa, wandonsa a yage a gwiwa. Sunansa Toby, a ƙasanmu yake haya. Ya ce shi da abokansa suna da ƙungiyar kiɗan rock, irin na jita da ganguna da ihu, sunan ƙungiyar ma in an fassara shi wai Karen Maƙwabci. Ya ce duk Lahadi yana kwanciya a ƙasa yana sauraron wani kiɗa da ke saukowa ta silin, bai taɓa jin irinsa ba, har ya taɓa sa shi hawaye. Yana so mai kiɗan ya zo ya shiga cikinsu. Ku lura, abin da ya ji ta silin hannuna ne. Awudu a lokacin ko hawan farko bai gama ba.

Na ce ya ba ni lokaci. Da ya tafi muka zauna da mamanku, kuma a nan ma akwai gyara, don na ji ɗan'uwanku Kabiru yana cewa wai ita ta hana ni. Ba ta hana ni ba.

"Ka je mana, Malam. Shekara nawa kana kaɗa wa wadirob?"

"A mashaya fa suke wasa, Hajiya."

"Kai sha za ka yi? Bas ɗinka ma mashaya nawa yake ɗauka?"

"Ƙungiya za ta yi zaɓe bayan salla. Likita Lawal ya ce ni suke so in riƙe ma'aji. Ki ce a ji ma'ajin Hausawan London yana tsalle da gurmi a gaban 'yan giya?"

"To ai shi ke nan. Kai ka san abin da ka fi so."

Likita Lawal shi ne shugaban ƙungiyarmu ta Hausawa, mutumin da in ya miƙo maka hannu sai ka ji kamar an ba ka lambar yabo. Na kwana ina juya maganar, na ga fuskarsa, na ga sahun gaba a masallaci. Da Toby ya dawo na ce masa ni ba na kiɗa a waje, amma ga ɗalibina. Na nuna Awudu, yana kan kujera da kwanon ɗumame a cinya. A raina na ce jifa ɗaya tsuntsu biyu, Bature ya bar mini ƙofa, Awudu kuma ya sami inda zai riƙa yini. Da na ga zai fita da galan ɗinsa kunya ta kama ni, kada a ce wannan ne kiɗan Hausa. Na sauko da gurmin babana na miƙa masa, na ce aro ne, ya dawo mini da shi in sun gama gwaji.

Wasansu na farko a gaban jama'a da rana aka yi shi, a wani bikin unguwa a filin Peckham Rye. Na je, na tsaya can nesa a gindin bishiya da hular sanyi har gira. Suka fara, ganguna kamar ana rushe gini. Aka zo wurin Awudu, ya shiga taken babana, ya yi hawan farko, ya kama na biyu, ya kai inda iliminsa ya ƙare. Na ga idonsa ya raina fata. Ya maimaita, ya sake maimaitawa, gumi yana zuba, Toby yana yi masa alama da kai cewa ya yi waƙa. Ba shi da waƙa. Sai ya rungumi makirfo ya kwarara abin da kunnensa ya fi sabawa da shi a duniya:

"Fita min daga kicin!"

Mai ganga ta doka. Ya sake faɗa, ta sake dokawa. Kafin a jima filin nan gaba ɗaya, Turawa da 'yan Jamaika da Yarabawan Rye Lane da 'ya'yansu a kafaɗa, kowa yana tsalle yana cewa fita min daga kicin. Na yi dariya har na riƙe bishiya. Na koma gida ina ba mamanku labari ina share hawaye, na ce yau Awudu ya gama kunyata kansa.

Wata yarinya ta ɗauka a waya ta sa a intanet. Kafin sati ya zagayo ku da kanku kuka zo kuna nuna mini, kuna cewa "Dad, Uncle Awudu is famous," wato Awudu ya yi suna. Aka kira su rediyo, aka kira su talabijin. Na zauna a falona, a kan kujerar da har yanzu ramin jikinsa yake, na ga Awudu da rawani shuɗi da baƙin tabarau, mutumin da bai taɓa ganin raƙumi ba sai a kwalin shayi. Mai gabatarwa ta tambaye shi ma'anar waƙar. Ya sunkuyar da kai, sannan ya ce tsohuwar waƙar mutanen hamada ce, kukan wanda aka kora daga inda ransa yake so. Matar ta dafa ƙirji. Mamanku ta faɗi daga kujera don dariya. Ni ma na fara, sai matar ta nuna gurmin ta ce wannan fa. Awudu ya shafa wuyansa, daidai inda yatsun babana suka lotsar, ya ce na kakansa ne, daga hannu zuwa hannu ya iso gare shi. A nan dariyata ta tsaya, kuma in gaya muku gaskiya ba ta dawo daidai ba har yau.

Abin da ya biyo baya kun gani, amma ba ku gan shi daga kujerar direba ba. Wata safiya na je garejin bas na tarar an manna tallar faifansu a jikin motata, daga ƙofar gaba har ta baya, Awudu ya buɗe baki, gurmin babana ya fi ni tsawo. Haka na yini ina yawo da shi daga Camberwell zuwa tsakiyar gari, mutumin da a baya yake ɓuya a kujerar ƙarshe don kada in sauke shi. 'Yan makaranta suna shigowa suna rera fita min daga kicin, wani ma ya tambaye ni ko na san yaren. Na ce ban sani ba. Kiɗan da ke cikin faifan kuwa, duk wanda ya san gurmi ya san rabin take ne, an yanke shi a tsakiya kamar a ɗauko ƙato a fasa kayar da shi. Jaridu suka ce wannan tsayawar ita ce hikimar. Na karanta da idona a wata da fasinja ya bari.

Zaɓen ƙungiya kuwa an yi, na ci ma'aji ba hamayya. A zaman farko Likita Lawal ya gyara gilashi ya ce bana taron salla sai an gayyato jakadan al'adunmu, wanda ya ɗaga sunan Hausa a idon duniya. Na ɗauka wani farfesa yake nufi.

"Malam Habibu, an ce ka san shi. Kai za ka yi mana booking, ka gayyato mana shi."

"Wa, ranka ya daɗe?"

"Alhaji Awudu mana."

Ko Makka bai je ba. Na buga lambarsa, wata Baturiya ta ɗauka ta ce ita ce manajarsa, in turo saƙo za a duba. A ranar taron aka zaunar da shi a babban teburi tsakanin Likita da wani baƙo daga ofishin jakadanci, matan likitoci suna layin ɗaukar hoto da shi, yana ce wa kowace kai, suna dariya suna cewa Hausarsa mai daɗi. Ni ina bakin ƙofa da rigar leda mai ƙyalli ina nuna wa mutane inda za su ajiye mota. Waɗannan su ne mutanen da na ɓoye gurmi shekara da shekaru don kada su raina ni.

Ba zan ce Awudu ya manta da mu ba, don ƙarya ba ta cikin abin da nake son bar muku. Bayan sun dawo daga yawon wasa a Turai ya zo gida da firji sabo, ma'aikata biyu suna ɗauke da shi. Mamanku, wadda waƙarta ce aka sace ba a ko tambaye ta ba, ta ja shi har cikin kicin ta buɗe masa tukunya da hannunta ta ce ya zaɓi tsokar da yake so. Na jira ya gama, na kira shi ɗaki.

"Kakanka, Awudu?"

"Yaya Habibu, Turawa ne. In na ce aro ne labari ya lalace. Tuba ya ce in faɗi haka." Toby yake nufi, bai taɓa iya sunan ba.

"Sunan babana Mamman. Ka iya faɗin Mamman ai."

"Na iya. Yaya, ka zo mu hau tare mana. Wallahi na gaya musu kai ne mai abin. Ka tsaya a bayana ka riƙa cika inda na tsaya."

A bayansa. Na ce ya ajiye mini gurmina ya tafi. Ya ajiye ba musu, don a lokacin an riga an ƙera masa wani mai haɗe da lantarki. Da na buɗe jakar na ga an huda ƙwaryar an sa wata 'yar waya, an kuma manna hoton kare a gefe. Na yini ina kankare karen da man zaitun. Ramin kuwa yana nan, in kun duba ƙasan ƙwaryar za ku gani.

A ƙarshen shekarar muka tashi zuwa Abbey Wood, kuma a can aka yi bikinki, Zainab. Ana saura 'yan kwanaki mamanku ta same ni ina goge gurmin, ta tsaya a kaina.

"Malam, 'yarka ta fari ce. In ba ka kaɗa mata ba, wa kake ajiye wa?"

"Mutane fa?"

"Mutanen da suka yi layi don hoto da Awudu?"

Na ci gaba da goge gurmin. Ranar walima, bayan an ci an sha, na fito da babbar riga na zauna a tsakiyar zauren da gurmin babana. Hannuna ya tuna hanya. Na yi hawan farko, na yi na biyu har ƙarshensa, na shiga na uku, wanda ba a taɓa ji a bainar jama'a ba a ƙasar nan, inda take yake juyawa ya sauko kamar an kai ƙato ƙasa. Zauren ya yi tsit, har yara suka daina gudu. Na ga wani tsoho daga dangin ango, mutumin Gumel, ya rufe ido yana gyaɗa kai, na san ya taɓa tsayawa a filin kokawa. Ke kuma kina kuka a ƙarƙashin mayafi. Ban taɓa kaɗawa kamar ranar ba, ko a Fagge.

Da na sauke hannu aka yi tafi sosai. Likita Lawal ya taso da kansa, ya karɓi makirfo, ya dafa kafaɗata.

"Ikon Allah! Malam Habibu, ashe kai ma kana taɓawa? Wallahi ka kusa kamo Alhaji Awudu. Ƙarshen ne kawai ka ɗan ƙara naka, amma ka dage, za ka iya."

Awudu yana babban teburi. Na ga ya miƙe da sauri har ya ture kofi, ya zo ya karɓe makirfon, ya cire tabarau, abin da bai taɓa yi a gaban jama'a ba.

"Jama'a, ku ji tsoron Allah. Wannan shi ne malamina. Shi ya koya mini, gurmin na babansa ne, sunansa Mamman. Ni rabi kawai na iya. Ko takalminsa ban kai ba."

Zauren ya ɗauki kabbara. Mutane suka miƙe tsaye suna tafi, suna kallon Awudu. Wata Hajiya a kusa da ni ta share ido da gefen gyale ta ce wa ƙawarta, kin ga sauƙin kai, duk ɗaukakar nan amma dubi yadda yake girmama direba. Likita ya rungumi Awudu. Aka kewaye shi da wayoyi, aka matsa ni gefe da gurmina don in ba masu hoto wuri.

Na koma teburina na tarar shinkafata ta huce. Tsohon nan na Gumel ya jawo kujera ya zauna kusa da ni, bai kalli inda ake hayaniya ba, ya ce in sake yi masa hawa na uku a hankali, akwai wani ƙato na garinsu da yake so ya tuna sunansa. Na ɗora gurmin a cinya na yi masa, mu biyu, ana can ana ɗaukar Awudu hoto.